Yadda ake zaɓar wuƙar aljihu mai bakin tanto, da yadda ake wasa ta ba a kashe mata gwiwa ba

Wuƙata ta farko mai bakin tanto, da hannuna na miƙa ta aka illata min ita. Ana jibi Babbar Sallah ne, wajen mai washi ya cika maƙil, kowa riƙe da wuƙaƙen yanka da na fiɗa a nannaɗe cikin jarida ko tsumma. Na kai na gidanmu guda huɗu, sai na ce bari in haɗa da ta aljihuna tunda ta fara dakushewa. Dattijon ya buɗe ta, ya juya gaba ya juya baya, ya ce, "Alhaji, wannan ai bakinta a karye yake, bari in daidaita maka." Kafin in ce "Baba, dakata," ya ɗora ta a dutsen inji, tartsatsi ya tashi. Da ya miƙo min ita, ya shafe kusurwar nan ta kusa da tsini, baki ya koma lanƙwasa irin na wuƙar mahauta, tsinin kuma ya yi shuɗi-shuɗi. Ban ga laifinsa ba. A wuƙar yanka aikinsa ba makusa, kuma a idonsa gyara ya yi min. Na biya, na yi godiya, na taho gida ina cizon yatsa.

Kusurwar da ya shafe ita ce tanto ɗin gaba ɗaya. Ni gwiwa nake ce mata, haka kuma zan riƙa kiranta a nan.

## Ka fara sanin abin da kake saye

Tanto kalmar Japanawa ce, sunan gajeren takobin da mayaƙan samurai ke sokewa a ɗamara. Yawancin na asalin ba su da wannan kusurwa. Siffar da ake sayarwa yau a Amurka ta yi suna a farkon shekarun 1980: ana danganta shigo da salon ga wani maƙeri mai suna Bob Lum, kamfanin Cold Steel da Lynn Thompson ya kafa kuma shi ya baza ta a duniya. Kaifi biyu gare ta. Akwai dogo, wanda ya taso daga gindin ruwan wuƙar ya miƙe ɗoɗar, akwai gajere, wanda ya karya ya hau zuwa tsini. Inda suka haɗu nan ne gwiwa.

Amfaninta ƙarfin tsini, domin ƙarfen na riƙe kaurinsa har kusan ƙarshe. In aikinka huda ne, ko farke bakin buhu, ko yanka tiyo da igiyar leda da kwali, ko kankare busasshen gam da fenti, tanto za ta yi maka. Gajeren kaifin nan kamar 'yar kurfi yake aiki, gwiwar kuma ita ke fara cizon abu in kana jan layi a kan fata ko roba.

Amma ba ta da tumbi, wato lanƙwasar nan da ke bin jikin dabba wajen fiɗa. Ka gwada feɗe rago da ita, gwiwar za ta yi ta huda maka fata, mai sayen fata ya kashe maka farashi. Yankan layya kuwa kada ma ka soma, ta yi gajarta, an kuma umarce mu da a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. In abin da za ka fi yi da wuƙa shi ne fere lemo da yanka tsire, nemi mai tumbi, ka huta da duk wahalar da zan bayyana a ƙasa. Mutane da yawa don kyan gani suke sayen tanto. Ba laifi ba ne, ni ma haka na fara.

Wata magana kafin a je ga kuɗi. Kowa ya san halin da Kano ke ciki game da faɗan daba da ƙwacen waya, kuma jami'in tsaron da ya lalubo wuƙa a aljihunka da daddare ba zai tsaya tambayar sunan ƙarfenta ba. Tanto kuma ta fi kowace siffa kama da makami. Mazauninta akwatin kayan aiki, ko shago, ko gona. Kada ta bi ka wajen hawan Sallah, ko filin ƙwallo, ko taron siyasa. In jirgi za ka hau a filin jirgin Malam Aminu Kano, ta shiga babbar jakar da za a auna, ba ta hannu ba.

## Ƙarfe

A gindin ruwan kowace wuƙa ta kirki za ka ga an rubuta sunan ƙarfenta. Rabin kuɗinka a nan yake.

Na ƙasa-ƙasa su ne 8Cr13MoV na Sin da AUS-8 na Japan. Suna saurin kaifi, suna saurin dakushewa, kowane mawashi na cin su. Sama da su akwai 14C28N da kamfanin Sandvik na Suwidin ya ƙirƙiro, da VG-10, da 154CM. D2 na riƙe kaifi sosai a farashi mai sauƙi, sai dai duk da kuromiyom ɗinsa ya kai wajen kashi 12 cikin 100, da yawa daga ciki ya haɗe da kabon, shi ya sa yake tsatsa. Ka bar D2 a aljihun kaftani cikin gumin watan Afrilu, ko cikin laimar Agusta, kwana biyu za ka ga ɗige-ɗige.

Manyan su ne waɗanda ake haɗawa daga garin ƙarfe. S30V ya fito a 2001, S35VN ya biyo baya a 2009, MagnaCut na masanin ƙarfe Larrin Thomas a 2021, sai M390 na kamfanin Böhler na Ostiriya. S30V da M390 kowanne na ɗauke da banadiyom wajen kashi 4 cikin 100, wanda ke haɗuwa da kabon ya zama ƙananan ƙwayoyi masu taurin da ya wuce na dutsen washi na gama-gari. Su ke sa wuƙar ta daɗe ba ta dakushe ba, su ne kuma za su sa ka kwana kana gurza ta a kan mawashin gida ba ta ko gezau. Wanda zai sayi irin wannan ƙarfe ya ware kuɗin farantin daimon, wato mawashin ƙarfe mai ƙwayoyin daimon a fuskarsa, tun ranar farko, in ba haka ba ya sayi doki ne babu linzami.

In ni za a tambaya, a Kano S35VN ko MagnaCut nake zaɓa, don ba sa saurin tsatsa kuma tsininsu bai cika ɓantarewa ba. In aljihu bai kai nan ba, 14C28N bai da abin kunya. Kamfanin kirki zai faɗi taurin ƙarfen a ma'aunin Rockwell, yawanci tsakanin 58 da 62. Suna kaɗai ba ya wadatarwa: ƙarfe mai tsada da aka yi wa gashi da tsomi na ganganci bai kai mai araha da aka yi wa na ƙwarai ba.

## Makulli, mahaɗa da mariƙi

Tunda tanto ta huda ce, makullinta ya fi na kowace wuƙa muhimmanci, domin in ya saki a kan yatsunka za ta rufe. Laina-lok wani siririn falle ne a cikin mariƙi da ke faɗawa bayan ruwan wuƙar ya tokare shi. Firem-lok shi ma haka, sai dai jikin mariƙin ne da kansa ke tokarewa. Chris Reeve, mutumin Afirka ta Kudu da ya koma Amurka, shi ya shahara da shi a wuƙarsa Sebenza, kalmar da ke nufin aiki a harshen Zulu. Akwai Axis na kamfanin Benchmade, wanda yatsa ba ya shiga hanyar kaifi in za a rufe, kuma na bahago ne da na dama. Akwai Tri-Ad na Cold Steel, ƙirar Andrew Demko, wanda ake yabo wajen ƙarfi, sai dai yana da tauri wajen buɗewa.

Ga abin da masu talla a intanet ba za su faɗa maka ba, domin ba su san hunturu ba. A mahaɗa, wato inda ruwan wuƙar ke juyawa, wasu na sa boris, wasu na sa washar tagulla. Mai boris daɗin buɗewa gare ta, da ɗan taɓi ta tashi fit. Amma ƙurar Disamba da Janairu in ta shiga ta haɗu da mai, sai ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar an zuba yashi a tuwo. Washa ba ta damu da wannan ba. Mai yawo a babur ko mai zama a Dawanau da Ƙofar Ruwa, washa ce tasa.

Mariƙi kuwa, G-10, wani haɗin zaren gilashi da gam mai tauri, ba ya santsi ko hannu da gumi, amma mai kaushin nan yana cinye bakin aljihun shadda a ƙarƙashin maƙalin da ake saƙala wuƙar da shi, na yi asarar riguna biyu kafin in gane. Taitaniyom ba nauyi, ba tsatsa, sai tsada. Tsawon ruwa inci 3 zuwa 3 da rabi ya ishi kowane aiki na yau da kullum.

Sai ka duba yadda aka fere ruwan. Yawanci gefe biyu ne. Wasu, irin CQC-7 ta kamfanin Emerson, gefe ɗaya kawai aka fere, ɗaya gefen a shafe yake. Washinsu daban ne, zan zo kansa.

## Ranar saye

Manyan wuƙaƙen nan ɗaruruwan daloli ne, kuma galibi sai an yi oda ko an ba matafiyi saƙo. Jabu kuwa sun yi yawa, har da kwali da takardar garanti. In ka ga an rubuta M390 a wuƙar da kuɗinta bai wuce na cefanen kwana biyu ba, rubutun ne kawai M390. Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka yi sharaɗi da mai kaya cewa sai ka duba, in ba ta yi ba ka mayar.

Da ta shigo hannunka, rufe ta ka leƙa ta sama: ruwan ya zauna a tsakiya, bai jingina da gefe ɗaya ba. Buɗe ta ka kulle, ka kama bayan ruwan da tsumma ka girgiza hagu da dama, sama da ƙasa. Motsin hagu da dama sau da yawa ɗaure kusar mahaɗa ke maganinsa. Motsin sama da ƙasa matsalar makulli ce, mayar. In laina-lok ce ko firem-lok, fallen ya kama kamar rubu'i zuwa rabin gindin ruwan. In ya tsallake har ya kusa taɓa ɗaya bangon tun tana sabuwa, ba ta da sauran rai mai tsawo. Daga nan ka kalli gwiwa ta fuska biyu. Layin da ya sauko ya raba kaifi biyun dole ya faɗo wuri ɗaya a kowane gefe. A jabu nan asiri ya fi tonuwa, sai kuma kusoshi masu laushi da kansu ke lalacewa daga murɗin farko.

## Kayan washi

Kaifin tanto miƙaƙƙe ne, don haka mawashinta dole ya zama shimfiɗaɗɗe sumul. Dutsen da ya yi kwari a tsakiya saboda tsufa shi ma kashe gwiwa yake, a hankali.

Abin da ya fi shi ne farantin daimon mai kaushi, lamba 300 zuwa 400, da mai laushi, lamba 600 ko 1200. Na DMT da na Atoma su ne sanannun samfura, akwai kuma masu araha da ke aiki ko da ba sa daɗewa. Wanda bai samu ba, ya je Ƙofar Ruwa wajen masu kayan fentin mota ya sayi baƙar samfefa ta ruwa, lamba 400, 800, 1200 da 2000, ya nemi gutsuren gilashi mai kauri wajen masu tagogi, ya jiƙa samfefar ya manna a kai. Tana cin D2 da 154CM lafiya lau, tana ma taɓa S35VN in da haƙuri.

Sai fata. Ka shiga Kurmi wajen dukawa ka yanki mai tauri, tsawon taƙi ɗaya, faɗin yatsa uku, ka liƙa ta da gam a jikin katako. A shafa mata koren sabulun goge ƙarfe, ko man goge ƙarfe irin Autosol. Ka haɗa da baƙar maka, wato alƙalamin tawadar nan mai kaurin baki, da tef na takarda, da tsumma, da fitila mai haske. Kusoshin wuƙaƙen nan masu kan tauraro ne, yawanci T6 da T8, wani lokaci T10. Masu sayar da kayan gyaran waya a Farm Centre ko Beirut Road ba sa rasa irin wannan sukundireba.

Abu biyu kada su kusanci tanto: dutsen inji, da 'yar na'urar nan ta kicin mai tsaga wadda ake jan wuƙa a ciki. Na'urar tana zagaye gwiwa tun a ja na goma. Injin kuma zafi ne matsalarsa. Bakin kaifi siriri ne, cikin ƙiftawar ido yake ɗaukar zafi. Ƙarfe na fara yin ruwan ƙasa-ƙasa a wajen digiri 230 a ma'aunin Celsius, shuɗi a wajen 300, kuma mafi yawan ƙarfen wuƙa in ya kai nan taurinsa ya tafi, ba ya dawowa sai an cinye wurin.

## Washin kansa

Ka ɗauka wuƙaƙe biyu ne a gabanka, doguwa da gajeriya, da suka yi tarayya a mariƙi ɗaya. Ba a haɗa su a ja ɗaya.

Na ɗaya, shiri. Wanke ruwan wuƙar, ka goge gam da maiƙo. Rufe fuskarta da tef, ka bar bakin kaifi kawai a waje, ka kuma naɗe mahaɗa don kada garin ƙarfe ya shiga. Ɗora mawashi a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. Zauna inda haske ke zuwa ta gefe.

Na biyu, maka. Shafe ɗan siririn gangaren kaifin nan mai ƙyalli da baƙar maka, dogo da gajere, gefe biyu. Wannan tawada ita ce malaminka.

Na uku, nemo kusurwa. Yawancin kamfanoni suna barin kaifi tsakanin digiri 17 da 20 a kowane gefe. In ba ka da abin aune, ninke kusurwar takarda biyu ta zama 45, ka sake ninkewa ta zama 22 da rabi, ka tsayar da ita a kan mawashi ka jingina ruwan wuƙar, sannan ka ɗan sassauto ƙasa kaɗan. Ko ka yi da rula: in faɗin ruwan milimita 25 ne, tsakiyar bayansa zai tashi daga dutse wajen milimita 8 da rabi a digiri 20, wajen 7 a digiri 17. Yi ja biyu marasa nauyi ka duba. In tawadar sama ce ta goge, ta bakin kaifi na nan, ka kwanta da yawa, ɗago. In ta bakin ce kawai ta goge, ka miƙe da yawa, sassauto. In ta goge gaba ɗaya, ka samu. Kulle wuyan hannunka a nan, motsi ya riƙa fitowa daga kafaɗa da gwiwar hannu.

Na huɗu, dogon kaifi. A kan mai kaushi za ka fara. Kwantar da dogon kaifin a gicciye, yatsu biyu na ɗaya hannun a kan fuskar ruwan, ka tura gaba kamar mai son fere ɗan siririn ɓawo daga dutsen. In kaifin ya fi faɗin dutsen tsawo, karkata shi ko ka bi shi kashi-kashi. Abin da aka saba a sauran wuƙaƙe shi ne a ɗaga mariƙi a ƙarshen ja don a bi lanƙwasa zuwa tsini. Hannunka zai so yin haka da kansa. Hana shi. Da gwiwa ta iso kan dutse, tsaya cak, ɗaga wuƙar sama, koma farko. Kada kuma ka bar gwiwar ta zame ta faɗa gefen dutsen.

Nauyin hannu kada ya wuce na mai rubutu da biro. Daimon ba ya son danniya, ƙwayoyinsa kake tumɓukewa. In samfefa ce, baya-baya kawai za ka riƙa ja, bayan wuƙa a gaba, kaifi na bi, in ba haka ba ka yanke takardar.

Yaushe za ka daina? Ba da ƙirge ake sani ba. Ƙarfen da kake ci daga gefe ɗaya, in ya kai ƙarshen baki, sai ya lanƙwasa zuwa ɗaya gefen ya yi wani ɗan leɓe siriri. Shafa babban yatsanka daga bayan ruwa ka gangaro ka wuce baki, a gicciye, ba a tsawon kaifi ba. Za ka ji wani ɗan kaushi yana kama fatar yatsa. Sai ka ji shi tun daga gindi har gwiwa, babu inda ya yanke, sannan wannan gefen ya gama. Wurare biyu ne ke yin gardama, can gindi da daf da gwiwa. Mafi yawan masu cewa "na wasa ta ƙi kaifi" ba su taɓa kaiwa ga leɓen nan ba, sun yi ta goge kafaɗar kaifi ne kawai. A M390 da ta dakushe sosai, wannan mataki kaɗai na iya cin rabin awa. Sa rediyo.

Juya ɗaya gefen ka yi kwatankwacin abin da ka yi, har leɓen ya koma inda ka fito. Duba faɗin gangaren gefe biyun, su yi daidai.

Na biyar, gajeren kaifi. Nan ne ake gane gwani. Sake shafa maka, domin sau da yawa kusurwarsa ta fi ta dogon buɗewa, ƙarfen wajen ya fi kauri. Juya mariƙin har gajeren kaifin ya kwanta a gicciye sosai da hanyar da za ka tura, ka ɗaga gindin wuƙar yadda dogon kaifin ba ya taɓa dutse ko kaɗan. Ɗora yatsa ɗaya daidai tsakiyar gajeren kaifin, ba a kan tsini ba, ba a kan gwiwa ba. In yatsan ya karkata wajen tsini za ka cinye tsini, in ya karkata baya za ka cinye gwiwa. Ja gajeru, kamar tsawon yatsa, a tsakiyar dutse. Bayan kowane ja biyar ɗaga ka duba a haske: gangaren ya zama faɗi ɗaya daga gwiwa har tsini.

Wannan kaifin bai fi santimita biyu zuwa uku ba, don haka duk nauyin hannunka a ɗan wuri yake taruwa, yana ci da sauri ninkin yadda dogon ke ci. Rage hannu. Ka kuma san cewa gwiwa tafiya take: in ka cinye gajeren kaifi da yawa sai ta ja baya wajen mariƙi, in dogon ka fi ci sai ta matsa gaba wajen tsini. Da ka samu leɓe, juya, samu a ɗaya gefen, tsaya.

Na shida, laushi. Koma kan 600 ko 800, sannan 1200, kowane mataki dogo daban, gajere daban. Yanzu ba ƙarfe kake ci ba, zanen da na baya ya bari kake sharewa, ja goma zuwa ashirin a kowane gefe sun isa. Ni a wuƙar aiki a 600 nake tsayawa, domin ɗan kaushin da ya rage shi ke cizon igiya da buhu. Mai son baki kamar madubi ya ci gaba, amma a kan igiyar leda madubin zamewa yake.

Na bakwai, cire leɓe. A kan dutsen ƙarshe, yi ja ɗaya a dama, ɗaya a hagu, da nauyin wuƙar kawai, kamar sau goma. Sai fata. In ka taɓa zama gaban wanzami ka ga yadda yake jan aska a kan fata, baya na gaba kaifi na bi, to haka. Kada ka danna, fata na lotsawa ta naɗo bakin kaifi ta dakusar da shi. Nan ma kada ka zarce daga dogo zuwa gajere a ja ɗaya, ko fata tana iya zagaye gwiwa in aka daɗe ana yi.

Na takwas, gwaji. Haska fitila a kan bakin kaifin kai tsaye. Kaifi na gaskiya ba ya mayar da haske. Duk inda ka ga ɗan ƙyalli, wurin bai kai ba ko leɓe ya rage. Sai ka riƙe takardar jarida a iska ka yanka a hankali tun daga gindi. Kunne ma na aiki a nan: sauti ɗaya ne siririn, in ya canza ko takardar ta tsaya, ga matsala nan. A gwiwa za ka ji ɗan tsalle, wannan daidai ne. Gwada gajeren shi kaɗai. In akwai nunannen tumatir a kicin, uwargida ta ba ka aron ɗaya, shi ba ya ƙarya.

Mai gefe ɗaya, irin ta Emerson, gefen da aka fere kawai za ka wasa har leɓe ya fito, sannan ka kwantar da ɗaya gefen kusan a shafe a kan dutse mai laushi ko fata, ja biyu ko uku, leɓen ya faɗi. Kada ka buɗe masa sabon gangare.

## Bayan washi

Ba kullum ake komawa dutse ba. Duk ranar da ta yi aiki, ja goma a fata ya isa ya dawo da ita, dutse sai fata ta kasa. In kana so ta yi aiki a hidimar Sallah, ko da yankan igiya ne da buɗe buhun gawayi, wasa ta tun da sauran mako; ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a mahaɗa ya wadatar, a hunturu ma ka goge rarar, domin mai shi ke kiran ƙura. Man gyaɗa kada ya shiga mahaɗa, daskarewa yake ya yi danƙo. In ta yanka lemo ko mangwaro, wanke ta nan take ka busar. Farantin daimon ma a shanya shi bayan aiki. Kafin ka kwance wuƙa gaba ɗaya, duba takardarta, wasu kamfanoni na soke garanti in an kwance.

In tsini ya ɓantare, daga bayan wuƙa ake gyara shi, ba daga kaifi ba: kifa bayan a kan mai kaushi ka ci shi har ya sauko ya sadu da kaifi. Haka tsinin zai ci gaba da nutsewa cikin mariƙi in an rufe. Kowane lokaci ka gama babban washi, rufe ta ka shafa yatsa a hankali ta wajen tsinin. In ya leƙo waje, aljihunka da cinyarka ne za su fara sani.

In kuwa gwiwa ce ta mutu, kamar tawa, magani ɗaya ne: a ci dogon kaifi a miƙe, a ci gajere a miƙe, a kan mai kaushi, har layukan biyu su sake haɗuwa. Zana layin da kake so da maka da rula kafin ka fara. Tawa ta ci min dare uku bayan sallar Isha a kan faranti mai lamba 325, sai da na zubar da kusan milimita biyu a tsini kafin in wuce inda wuta ta taɓa. Ta ɗan gajarce, gwiwar ta ja baya fiye da yadda aka ƙero ta, gangaren hagu ya ɗara na dama faɗi in ka ƙura ido. Tana cikin akwatin kayan aiki a bayan mota, ita nake farke buhun taki da ita.